Tumatirin Bayan Ɗakin Inna

Shekaranjiya matar jikana ta dawo daga kasuwa da kwando cike da tumatir, ta juye shi a gabana in taya ta ware ruɓaɓɓu, tunda aikin da ya rage mini ke nan, shi da ɓarar gyaɗa. Na ɗauki ɗaya na kai hanci, ba ƙamshi. Na latsa da yatsa, ya ƙi latsuwa. Dukansu girmansu ɗaya, jansu ɗaya, sumul-sumul kamar ƙwai da aka rina. Na ce ta ware mini biyu waɗanda suka fi nuna in fid da iri. Ta yi dariya har da dafa ƙasa, ta ce, "Haba Kaka, wa ke fid da iri yanzu? Cikin takarda yake zuwa, ma'aikatan noma ke kawo shi daga Maraɗi, kowace shekara sabo." Yarinya ce, ba ta yi laifi ba, abin da ta tarar ke nan.

Yau in ka tsaya bakin tabkin Madarumfa da rani, ko ina ka waiga garka ce, kowace garka kuma tumatir. Kamyo, babbar motar kaya, ya zo ya kwasa, wanda ya rage a yanka a shanya, wanda ya ruɓe a watsa wa awaki. Yaran da ke zuwa lakwal karatun boko sun ɗauka Nasara ne ya zo da shi tare da haraji da hanyar mota. Ba na yi musu gardama, ba ni da numfashin gardama. Amma ni na ci tumatir a garin nan tun ba wanda ya taɓa ganin farar fata, kuma na ga ranar da manyan gari suka taru a kansa kamar an kama ɓarawo. Duk waɗanda suka zauna wurin ran nan sun riga ni kwanciya. Jikokinsu ne ke da manyan garake yanzu.

Lokacin nan garin bai kai rabin haka ba, kuma ba a yin nisa da shi sakaka, don mahara na iya ɓullowa daga daji su kwashi mutum a gona da hauyarsa a hannu. Safiya da turmi take farawa. Gida ɗaya ya fara daka, na kusa ya amsa, har garin ya ɗauka gaba ɗaya, kuma kana kwance kana iya gane taɓaryar kowace mace: ta mai fushi daban, ta mai tsohon ciki daban, ta wadda ta kwana da yunwa daban. Bayan turmi sai kirinjijiya, agwagin tabki, su taso daga kan ruwa suna fito, sai masunta su bi baya, kowa rungume da gorarsa, suna kiran juna tsakanin itatuwan giyayya da ke tsaye cikin ruwa har ƙugu. Mu 'yan mata aikinmu tulu, kuma ba a ƙidaya sawu, sai randa ta cika. Miyarmu kuka ce da kuɓewa da yakuwa, daddawa ta ja gaba, in Allah ya kawo kifi a jefa. Ba wanda ya san miya na yin ja in ba barkono ne ya yi yawa ba. Yanzu ƙugin mota nake fara ji da safe, 'yan mata kuma ba su san muryar taɓaryar uwayensu ba.

Babana ɗan ƙaramin bafatake ne mai jakai uku, yana bin ayari zuwa Damagaram, ya kai taba da baƙin tufa ya dawo da kanwa. A wata dawowa, ina 'yar shekara shida ko bakwai, ya zaro wani ƙullin tsumma daga cikin hularsa ya miƙa wa Inna. Ta kwance, ta ga wasu 'yan ƙwayoyi masu faɗi, masu gashi-gashi, kamar riɗi da ya tsufa. Ta ce, "Mi ne ne wanga?"

Ya ce a gidan wani Balarabe da ya sauke su ya ci miyarsa, ta yi masa daɗi har ya ajiye kunya ya roƙi iri. "Su tumatir suke ce mishi. Ke ce mai hannun shuka, ki gwada."

Tsarabarta ke nan a tafiyar, alhali sauran matan fatake sun samu zane da munduwa. Kwana biyu tana yi masa ƙorafi. A na uku ta ɗauko wani tsohon tulu da ya tsage, ta fasa wuyansa, ta cika gindin da ƙasa.

Bayan ɗakinta akwai wani ɗan fili tsakanin rumbu da darni, bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. Nan ta kewaye da ƙaya. Da kaka, in an gama yankan hatsi, sai ta ɗebo ƙasar bakin tabki ta tankaɗe, ta gauraya da busasshen kashin awaki da ta daka, ta zuba a fasassun tuluna. Ta yafa iri, ta barbaɗa ƙasa sama-sama, ta rufe da ciyawa. Ba a kwara ruwa, da hannu ake yayyafawa safe da maraice. In na yi gaggawa na tuntsurar da ƙoƙo sai ta ce, "Ke, shayar da shi kike ko binne shi?" Kwana shida ko bakwai ka ɗaga ciyawa ka ga sun leƙo, kowane da 'yan ganye biyu kamar kunnen ɓera, wani ma da ɓawon irin a ka kamar ya sa hula. Sai sun kai tsawon tafin hannu ake dashe, kuma ba da rana tsaka ba, sai la'asar sakaliya, don su kwana su huta kafin rana ta gan su. Tana binne su har wuya, ta kafa wa kowane kara, ta ɗaure da ɓawon rama sako-sako. "Ruwa a gindi, ba a ka ba," haka take ce mini kullum, kamar ban ji jiya ba. Daga nan kuma sai yaƙi, da kaji, da ƙadangaru, da wata koriyar tsutsa da ke laɓewa ƙarƙashin ganye sai ka juya shi za ka gan ta. Tulu shida nake ɗaukowa kowace rana don garka kaɗai, ban da na sha da na girki. Har yau in sanyi ya shigo wuyana na tuna mini.

Nata ba irin na yanzu ba ne. A ido mummuna ne: faffaɗa, mai tsaga-tsaga kamar 'yar kabewa, wani ya karkace, kafaɗarsa kore ko da ya nuna, jansa mai duhu kamar hanta. Fatarsa ba ta jure hanya, in ka riƙe shi da ƙarfi sai ya fashe maka a hannu. Amma in an ɓare shi ana jin ƙamshin har zaure. Ga tsami ga zaƙi, da wani ɗanɗano kamar an riga an sa masa gishiri. Ganyensa kuwa in ka taɓa, warin ya bi hannunka wuni guda. Waɗanda suka fara nuna, manya, daga gindin da ya fi lafiya, ba a cin su. Sai ta ɗaura musu zare ta ce, "Waɗanga ba na ciki ba ne, na baɗi ne." Ta bar su har su yi laushi, ta matse a ƙoƙo, ta rufe da faifai kwana uku har ya yi kumfa yana wari, sannan ta wanke. Wanda ya taso sama ta zubar, wanda ya kwanta ƙasa ta shanya a inuwa, ta cuɗa da toka, ta ɗura a wata 'yar gora ta toshe da tsumma, ta rataye a inda hayaƙi ke kaiwa. Haka abin yake tafiya daga shekara zuwa shekara, daga ƙullin nan guda na cikin hula.

Shekara uku Baba yana cin jar miyarsa. A ta huɗu ayarinsu ya tafi, rabinsa ya dawo. Suka ce an faɗa musu a daji, kowa ya yi ta kansa. Wani ya ce ya ga Baba ya faɗi, wani ya ce ya gan shi ɗaure da igiya ana kora shi gabas. Ba gawa, ba labari. Inna ta ƙi yin takaba, ta ce ba ta zama wa mutumin da ba ta ga kabarinsa ba. Muka ci gaba da zama a gidan, a hannun Baffa, yayan Baba. 'Ya'ya huɗu ta haifa, ta binne uku, ni kaɗai na tsaya. Daga ni sai garkar nan. In an ce ta huta da wahalar banza, sai ta ce, "In ya dawo, shi tarar da abinshi."

Baffa ba mugu ba ne irin na tatsuniya. Ya ciyar da mu, ya tufatar da mu, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma bai son garkar. Yana son filin ya ɗaure jakai, kuma yana jin nauyin abin da ake faɗa a zaure. Mutane ba su ce masa tumatir ba, gautan Larabawa suke cewa, wasu su ce ɗan'uwan gautan kura ne, wannan mai dafi da ke fitowa a juji. Suka ce ka ji warin ganyensa kawai ka san ba abin kirki ba ne. In Inna ta aika da tuwo gidan maƙwabta, sai a ci tuwon a zubar da miyar, a maido akushi da godiya. Tana sane. Sai ta daina sa shi a miyar da za ta fita gidan.

Maƙwabciyarmu Hajo, wadda darni ɗaya ya raba mu, tana da ɗiya 'yar shekara huɗu, Kande. Ni na goye ta tun tana jaririya, ta saba da ni fiye da 'yan gidansu. Duk lokacin da nake ban ruwa sai ta manna ido a kafar darni ta ce, "Yaya, ba ni ja." Inna ta sha ja mini kunne. "Kar ki ba ɗan kowa. Mu mun san shi, su ba su san shi ba." Lokacin ina wajen shekara goma sha uku, na isa in ji magana. Ran nan da hantsi Inna na cikin ɗaki tana kaɗi, yarinyar ta yi ta roƙo har da hawaye. Na tsinki biyu ƙanana na zura mata ta kafar darni. Ta gatsa, ruwan ya zubo mata har ƙirji, ta yamutse fuska don tsami, sannan ta ƙyalƙyale da dariya ta cinye. Na ce kar ta gaya wa kowa. Ta ce to.

Washegari amai da zawo suka kama ta. Aka jiƙa saiwoyi, aka yi rubutu aka ba ta, ba abin da ya tsaya mata a ciki. Kafin la'asar ta kwana na biyu muka ji kuka ya tashi ƙetaren darni.

Bayan an kai ta, Hajo na tattara tsummokaran yarinyar ta ga 'ya'yan tumatir sun bushe a jikin ɗan zanenta. Ta shigo gidanmu ba sallama, ba kallabi, zanen a hannu. Na dawo daga tabki ke nan, tulu na kaina ban sauke ba. Ta tsaya tsakar gida ta ce, "Wa ya ba ɗiyata wanga abu? Wa ya ba ta?"

Ruwan tulun ya fara zubo mini a baya. Inna ta fito daga ɗaki da mazari a hannu, ta dubi zanen, ta dube ni sau ɗaya, sannan ta ce, "Ni ce."

Hajo ta faɗa mata da duka. Inna ba ta rama ba, ba ta ma kare fuskarta ba, sai da matar Baffa ta shiga tsakani.

Kwana uku bayan haka aka kira mu ƙofar mai gari da hantsi. Ga mai gari, ga liman, ga wani tsoho daga cikin mutanen da ba su salla, wanda ke yi wa tabki yanka kowace shekara kafin a buɗe kamun kifi. Ga uban Kande da 'yan'uwansa. Maza suka zauna gindin tsamiya, mu mata muka tsaya daga baya. Inna ta durƙusa nesa kaɗan, da ƙwarya rufe da faifai a gabanta. Bisa al'ada Baffa ne zai yi magana a madadinta. Da aka ce ya yi, sai ya dubi ƙasa ya ce, "Ranka shi daɗe, ni dai na sha faɗa mata." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Inna ta buɗe ƙwaryar. Tumatir ne, waɗanda ta ɗaura wa zare. Ta ce, "Ranka shi daɗe, shekara bakwai ke nan muna cin shi, ni da ɗiyata, ubanta ma ya ci. In dafi ne, ga shi." Ta ɗauki ɗaya ta cinye a gaban maza, ita da ba ta taɓa shan ko ruwa a gaban Baffa ba. Ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku. Ruwan na bin hannunta har gwiwa, laɓɓanta da suka fashe da dukan Hajo suna zafi, tana ci. Wurin ya yi tsit, ana jira ta faɗi. Ba ta faɗi ba.

Uban Kande ya ce, "Tana da makarinshi, shi ya sa. Ɗiyata ba ta da shi."

Mai gari ya juya ga liman. Liman ya gyara zama ya ce shi bai gani a littafi an hana cin abin ba, kuma ajali na Allah ne. Zuciyata ta fara sauka. Sai ya ƙara da cewa amma zaman lafiyar gari ya fi garka. Tsohon tabki kuwa ya ce ƙasar nan ba ta san wannan shuka ba, an sa mata baƙo ba a gaishe ta ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin bakin mutanen nan biyu ya zo ɗaya a kan komai ba sai ran nan.

Mai gari ya ɗaga murya ya ce, "Akwai wanda ya ga lokacin da aka ba yarinyar?"

Ina tsaye bayan matar Baffa, ina kallon ƙeyar Inna. Ina da baki, ina da harshe, maganar ba ta fi kalma biyu ba. Na ji ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Na sha gaya wa kaina cewa yarinya ce ni lokacin. Amma na san abin da na ji a jikina da aka wuce tambayar, kuma ba baƙin ciki ba ne, sauƙi ne.

Aka yanke: a tuge shukar a ƙone har da iri, Inna kuma ta koma wajen danginta a Safo har zuciyar mutane ta huce. Ni ɗiyar gida ce, in zauna hannun Baffa.

Ran nan da azahar samari suka shigo da hauya. Garkar tana tsakiyar 'ya'ya, kowane gindi ya sunkuya. Suka sassare, suka tattake, ƙasa ta yi jajir kamar an yi yanka. Suka tara da kara suka sa wuta. Ɗanyen ganye ba ya ci da sauri, hayaƙin ya cika unguwa da warin nan da suke tsoro, mata suna toshe hancin 'ya'yansu. Baffa da kansa ya shiga ɗakin Inna ya sauko da 'yar gorar iri ya jefa a wutar. Ta yi ƙara ɗaya, fat. Inna na tsaye jikin rumbu, hannuwanta a baya, ba ta yi kuka ba.

Da safe ƙanenta ya zo da jaki. Kayanta ba su cika mangala ba. Ta ce mini, "Ki riƙa rufe randa. Kar ki yi wa Baffanki musu." Na riƙe bakin zanenta na ce, "Inna, in faɗa musu?"

Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ki faɗa musu mi? An gama. In kika buɗe baki na yi asara biyu."

Wata bai cika ba ciwon ya shiga gari. Amai da zawo, irin na Kande sak, kwana biyu yaro ya tafi. Ya shiga unguwar masunta, ya shiga gidajen can ƙetaren gari da ba su taɓa ganin kalar tumatir ba, ya shiga har gidan liman. Ruwan tabki ya ja baya sosai a shekarar, abin da muke ɗebowa ya yi kauri yana wari. Masu haƙa kabari suka gaji. Sai aka ce annoba ce daga Allah, aka yi sadaka, aka yi yanka bakin ruwa. Ni kuma na zauna ina jira. Na ce yau wani zai tashi a zaure ya ce mun zalunci matar nan, a aika a kira ta. Ba wanda ya tashi. Hajo in ta hango ni a hanyar tabki sai ta sake hanya. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na durƙusa gaban Baffa na ce, "Baffa, tunda dai an ga ba shukar ba ce..." Bai bar ni na kai ƙarshe ba. Ya ce, "Maganar ta wuce." Mutanen yanzu in yaro ya yi zawo sai a ruga da shi wajen lokotoro a asibiti, a ce ruwa ne, a ce ƙuda ne. Mu ma a lokacin, bayan kabari na biyar, kowa ya gane. Ganewa ba ta yi wa kowa wuya ba, faɗa ce ta gagara, don wanda zai faɗa sai ya fara da kansa.

Baffa ya ɗaure jakansa a filin. Rani ya wuce, bazara ta wuce, ruwa ya sauka. Wata safiya na je share kashin jakai, sai na ga wasu 'yan tsirrai a gindin rumbu, inda igiyar jakan ba ta kaiwa. Guda biyar. Tun ban taɓa ba na gane su. Na murza ganye ɗaya na kai hanci, sai na zauna a ƙasa daɓas. Ashe cikin waɗanda aka tattake wasu sun shige ƙasa sun yi kwanciyarsu, wuta ba ta kai gare su ba.

Na kewaye su da fasassun tukwane yadda ba mai lura. Kwana goma ina leƙa su, ina kore musu kaji, suna ƙara tsawo, kararsu na yin gashi. A raina na ce in sun isa dashe zan sa ɗaya a ƙoƙo in roƙi a raka ni Safo. Tafiyar ba ta kai wuni ba.

A kwanakin nan ne kuma wani gidan masunta suka aiko neman aurena ga ɗansu, wanda ni ma ina so, mun sha haɗa ido a bakin ruwa. Ran nan muna daka da matar Baffa sai ta tsaya ta shaƙi iska ta ce, "Ni kam wani wari nake ji bayan rumbu, kamar na abin nan." Na ce ban ji ba. Ta ci gaba da daka, can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da ƙyar mutane suka fara mance ɗiyar wa ce ke. Allah ya sa dai maganar auren nan ta tabbata."

Ba ta ce in yi komai ba. Ba wanda ya sa ni. Da rana ta take, kowa ya shiga inuwa, na zagaya bayan rumbu na kawar da tukwanen. Na kama na farko na ja. Ƙasar da laushi, ya fito ba gardama, da 'yan fararen saiwoyinsa. Na tuge duka biyar, na dunƙule su na cusa a tulu, na tafi tabki na tura su cikin laka da ƙafata. Na wanke hannu da yashi sau uku, warin bai fita ba.

Aka ɗaura auren da kaka. Sai da wata kakar ta zagayo mijina ya samu abokan tafiya ya kai ni Safo. Na tarar da Inna a wani ɗan ɗaki a gidan ƙanenta, ta rame, tana yi wa mutane kaɗi. Ba ta da ko tafin ƙasa nata, sai barkono gindi biyu a fasasshen tulu bakin ƙofa. Ta yi murna, ta shafa kaina, ta dama mini fura da hannunta. Ta tambayi kowa, har Baffa, har Hajo. Ta tambaya ko an ji labarin Baba, na ce ba a ji ba. Kwana biyu na yi, ba ta ɗauko maganar garka ba, ni ma ban ɗauko ba.

Da za mu koma ta rako ni har bakin gonaki, inda aka tara dammunan dawa. Mijina ya yi gaba da jaki. Sai ta riƙe hannuna ta rage murya, kamar mai jin kunyar abin da za ta tambaya.

Ta ce, "Wurin nan na bayan rumbu. Da damina bai tsiro ba? Sun tattake da yawa cikin ƙasa ran nan. Ina ta cewa ko ɗaya zai fito."

Na ce, "Bai tsiro ba, Inna."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta riƙa murza bayan hannuna da babban yatsanta. Can ta ce, "To. Jakan ne, sun daddale wurin." Ta saki hannuna. "Ki gaida gida."

Ba ta ga wata daminar ba. Saƙon ya iso mini kwana huɗu bayan an binne ta. Na haifi tara, na aurar, na ga jikoki, na ga zuwan Nasara na ga tafiyarsa. Mijina mutumin kirki ne, mun zauna lafiya har ya rasu, bai taɓa sanin abin da na biya aurensa da shi ba. Na yi istigfari har na daina ƙidaya, amma wadda zan roƙa gafara tana Safo ƙarƙashin ƙasa, ko kabarin ban iya nunawa ba. Maganar ƙarshe da ta shiga tsakanina da uwata ke nan, a bakin gonar dawa, kuma ƙarya ce.